Tabawa da Dutsen da Ya Faɗo daga Sama

Ina 'yar shekara takwas muka taso daga Miga muka koma Dutse. An yi sabuwar jiha, babanmu ya sami aikin tuƙi a wata ma'aikata, ya kama mana gida mai ɗaki biyu a unguwar Takur. Kakata, mahaifiyarsa, wadda muke kira Dada, ba da son ranta ta biyo mu ba. A rugar da ta tashi, in mutum ya tsaya sai ya hangi saniyarsa tun tana ɗan ɗigo a ƙarshen fili. A nan kuwa ko'ina ka juya duwatsu ne a kanka, wani ya ɗare kan wani, kamar tari ɗaya zai gangaro da su. Ranar da muka sauka ta daɗe tana kallonsu daga ƙofar gida, sannan ta tambayi babana, "Waɗannan daga ƙasa suka tsiro, ko ajiye su aka yi?" Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Abin da ba ta baro a Miga ba shi ne hirar bayan magariba. In Innarmu ta kwashe tuwo, Dada ba ta bari a kashe murhu. Sai ta tura itace ɗaya ciki, ta binne gyaɗa a cikin toka, ta miƙe ƙafafu a kan buzunta. Kafin a kira isha'i mu da yaran maƙwabta mun zagaye ta. Tana da nata salon buɗewa. Sai ta ce, "Ga wata nan ta taso daga nesa." Mu ce, "Ta ƙaraso, mun yi mata shimfiɗa." In ta gama kuma sai ta kaɗe zaninta ta ce ta sallame ta, ta koma inda ta fito. Tana iya muryar kura, tana iya muryar tsohuwa mai rowa, har Innarmu da ke wanke-wanke takan tsaya da kwano a hannu tana dariya.

Abu ɗaya ne ke haɗa ni da ita, wato goyo. Ina da ƙanwa jaririya a lokacin, ni ce mai ɗaukarta. Duk sanda na sauke ta a ƙasa don in yi 'yar gala-gala da ƙawayena, ko daga ina Dada take sai na ji muryarta, "Habi! Goya ta!" Ko da yarinyar tana wasanta lafiya lau a inuwa. Na sha yin kuka a kan wannan.

Wata rana da kaka, muna zaune ana ɓare gyaɗa, sai wani tauraro ya tsinke daga sama, ya ja dogon layi mai kore-kore a kan duwatsun nan, ya ɓace. Yara suka ɗauki ihu, "An jefi shaiɗan! An jefi shaiɗan!" Ni ban samu na yi ihun ba, domin Dada ta damƙe mini wuyan hannu. Damƙar da sai da farcenta ya bar mini shaida. Ta sunkuyar da kai, ta karkata kunne kamar mai jiran sallama daga waje. Ta daɗe a haka, har gyaɗar da ke cikin toka ta fara ƙauri. Sannan ta sake ni, ta ce a hankali, "Wannan ƙarami ne." Ba tare da ta ce wata ta taso daga nesa ba, ta fara ba mu labarin Tabawa.

Ta ce a wani gari da yanzu ba wanda ya san sunansa, an yi wata mata mai ginin tukwane, Tabawa. Da yake tana sammakon gasa tukwanenta, ita ta fara lura da wani tauraro da ba ya tafiya tare da 'yan'uwansa. Kullum yana wuri ɗaya, kullum yana ƙara girma. Da farko kamar ƙwayar gero, sai ya zama kamar wake, sai ya kai goro. Ta je ta gaya wa mai gari. Dattawa suka fito suka gani da idonsu, suka yarda dutse ne ke tahowa, kuma a kansu zai sauka. Kowa ya yarda a tashi. Gardamar da ta hana su barci ita ce, a tafi har ina?

Tabawa ta koma gida ta baje tokar gashin tukwanenta a tsakar gida, ta shafe ta sumul. Ta jera ƙwayoyin wake a kai, wannan gidan mai gari, wannan masallaci, wannan rijiya, waɗannan gonaki. Ta hau kan rumbu da duwatsu a zaninta, ta dinga jefowa. Ta jefa ƙarami, ta sauko ta auna da taƙi iyakar inda toka ta fantsama. Ta sake shafewa, ta sake jerawa, ta jefa babba. Ta jefa a miƙe, ta jefa a karkace. Kwana biyu tana wannan, maƙwabta na leƙe ta katanga suna cewa tsoro ya taɓa mata kai. A rana ta uku ta je gaban dattawa, fuskarta duk toka, ta ce, "Tafiyar kwana uku. Wanda ya tsaya kafin nan yana cikin tokar."

Aka ɗaura kaya aka kama hanya. Da yammacin ranar farko suka isa wata fadama mai ruwa da inuwa. Tsofaffi sun gaji, jakuna sun gaji. Mutane suka waiwaya suka ga ko hayaƙin garinsu ba sa hangowa, suka ce ai nan ma ya isa. Tabawa ta roƙa, ta durƙusa, ta yi kuka. Mutum kaɗan ne suka bi ta. Tana goye da 'yarta ƙarama.

A nan Dada takan rage murya, har sai mun matso mun kusa shiga wuta.

"Rana ta biyu, rana tsaka, ƙishirwa ta kama su. Tabawa ta kwance goyonta, ta ajiye yarinyar a gindin marke, ta gangara ɗibar ruwa. Ba nisa. Daga nan zuwa ƙofar gidan nan. Ta sunkuya ke nan, sai sama ta tsage. Haske ya zo wanda ya fi rana. Kowane abu ya yi inuwa biyu. Tabawa ba ta san sanda ta jefar da ƙwaryar ba, ba ta san sanda ta yi gudu ba. Sai ganin kanta ta yi a bayan suri, fuskarta a ƙasa. Duniya ta yi shiru. Tsuntsu bai yi kuka ba. Sai muryar yarinyar kaɗai, tana kira."

"Sai me, Dada?"

"Sai ƙarar ta iso."

Ta ce iskar da ta biyo ƙarar ta kwantar da itatuwa kamar an yanke dawa. Garinsu ya zama rami, tsuntsu sai ya huta kafin ya ƙetare shi. Mutanen fadama ko takalminsu ba a gani ba. Tabawa ta fito daga bayan suri da jini a kunnuwanta, ta nemi marke ta rasa, ta nemi 'yarta ta rasa.

Wata ƙawata ta ce, "To me ya sa ba ta koma ta ɗauko ta ba, tun da an yi shiru?"

Dada ta ce, "Babu lokaci."

"Amma ai kin ce..."

"Babu lokaci, na ce miki!"

Ba mu taɓa jin ta yi wa yaro tsawa a wurin hira ba sai ranar. Ta tashi ta shige ɗaki. Ba ta kaɗe zani ba, ba ta sallami labarin ba. Wannan ya fi komai tsorata ni. A tunanina na yarinta, duk tatsuniyar da ba a sallama ba tana nan a cikin gida. Na yi makonni ba na yarda in ɗaga kai in kalli sama. In an aike ni sayen kalwa nakan bi ta jikin katanga ina sauri. In mota ta hasko fitila ta kan bango sai in tsaya ina jiran ƙara. Duk da haka mu da kanmu muke roƙonta ta sake ba mu. Takan ƙi, ta ƙi, sai sau ɗaya a shekara ko sau biyu ta yarda. Ba ta taɓa canja ko kalma ɗaya ba, kuma ba wanda ya sake yi mata waccan tambayar.

Shekaru suka tafi. Na gama sakandare, na koyi buga kwamfuta, na sami aiki a wani ofis da ke harkar taswira da safiyon filaye. Lokacin an fara shari'a. Gari ya cika da kaset ɗin wa'azi, kowane shago ka wuce ana maganar alamomin tashin ƙiyama, rana za ta fito daga yamma, taurari za su zube. Yaran unguwa sun koma gidajen da ke da bidiyo, wasu iyayen ma sun ce tatsuniya ƙarya ce da ɓata lokaci. Dada ta tsufa, idonta ya yi rauni. Amma har lokacin ba ta bari a kashe murhu. Ita kaɗai take zama.

A ofishinmu akwai wani dattijo masanin duwatsu, Malam Garba, wanda ya dawo daga wani kwas da faifan kwamfuta a jakarsa. Wata rana bayan azahar ya kira ni in taya shi buɗe abin da ke ciki. Manhaja ce da ke kwatanta abin da zai faru in dutse daga sararin samaniya ya faɗo ƙasa. Za ka rubuta girmansa, da gudunsa, da yadda ya karkato, ka zaɓi wuri a taswira, ka danna. Na kalli allon. Tokar Tabawa ce da wakenta, an zuba su a cikin na'ura.

Ya ce, "Gwada mana, Malama Habi. Ina za mu jefa?"

Ban san abin da ya sa na ɗora a kan Takur ba. Na ba dutsen girman ɗaya daga cikin duwatsun bayan gidanmu. Na danna. Wani jan zobe ya fito ya haɗiye unguwarmu, wani ya fi shi faɗi ya rufe unguwar Yalwawa da kasuwa da ofishin da muke zaune. Malam Garba yana bayani, nan rami ne, nan wuta, nan gine-gine za su rushe, nan tagogi ne kawai za su farfashe. Ni kuwa ba zobe nake gani ba. Ina ganin Innarmu a bakin murhu, da mai ƙosan kan kwana, da ajin su ƙanwata. Na ƙara wa dutsen girma don in ga inda abin zai tsaya. Zoben ya miƙe har ya taɓa Miga.

A ƙasan allon akwai wani layi da ban gane ba. Malam Garba ya ce wannan lokacin da ƙara da iska za su ɗauka ne kafin su iso inda mutum yake. Haske nan take yake zuwa, sauti kuwa tafiya yake yi, kamar daƙiƙa uku a kowace kilomita. Ya ce yawancin duwatsun nan ma ba sa kaiwa ƙasa, can sama suke fashewa. Mutane su ga haske, su tsaya suna salati, sai bayan minti biyu ko uku su ji ƙarar kamar an harba igwa.

Na dawo gida da ɗoki. Na tarar da Dada a kan buzunta bayan magariba, na zauna kusa da ita kamar da. Na ba ta labarin na'urar, na ce Tabawarta ta riga Turawa. Ta yi murmushi, ta ce, "Ashe dai." Sai na ƙara da wasa, irin wasan jika da kaka, "Amma Dada, na kama ki da kuskure ɗaya. Akwai lokaci. Tsakanin hasken da ƙarar ana samun minti biyu, har uku. Da Tabawa ta tashi, da ta ɗauko 'yarta ta dawo bayan surin, har ta huta."

Murmushin ya tafi. Ta ce, "Minti biyu kamar yaya ne?"

Na ce kamar mutum ya karanta Fatiha sau biyar ko shida.

Ta lalubi sandarta ta miƙe. Ta ce in fara karantawa. Na ɗauka wasa ne, na fara. Ta taka daga bakin murhu zuwa ƙofar gida, tana jan ƙafa, ta taɓa ƙyauren, ta juyo, ta dawo ta zauna. Ina cikin ta huɗu.

Ta ce, "Da tsufana ma ke nan."

Sai a lokacin tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a gaban allon. Na ce, "Dada, lafiya?"

Ta kalli wuta ta ce, "Sunanta Dije. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta fara tafiya ke nan. Ni ban fi shekara tara ba."

Ta ce ranar sun kai shanu shan ruwa a wani tafki gabas da rugarsu, can wajen Miga. Bayanta ya gaji, ta sauke Dije a gindin marke, ta gangara ta wanke fuska. Sai hasken ya keta sama da rana tsaka. Ta ruga ta faɗa bayan suri. Babu garin da ya zama rami, babu itacen da ya faɗi, wannan duk ita ta ƙara. Ƙara ce kawai ta zo daga baya. Amma da ta zo, garken gaba ɗaya ya zabura, shanu suka yo kan marken a guje. Da ƙura ta lafa, babansu ne ya ɗauki yarinyar. Aka binne ta kafin la'asar. Ba wanda ya tambayi Dada inda take a lokacin, ita ma ba ta faɗa ba. Aka ce kwana ne ya ƙare. Da damina ta wuce suka tashi daga wurin.

Na rikice. Na ce na'ura tana kuskure, na ce wataƙila nasu ya fashe kusa ne, ƙarar ta zo nan take.

Ta ce, "Kada ki yi mini ƙarya, Habi, na kusa kabari. Ni na san tsawon shirun nan, ba sai na'ura ta gaya mini ba. Ina jin ta tana kirana. Adda, Adda, haka take kiran yayarta. Ina ce wa ƙafata tashi, ta ƙi. Shekara nawa ina gaya wa yara babu lokaci, ko zan ji bakina ya faɗa in yarda."

Na riƙe hannunta har aka kira isha'i.

Washegari na kasa aiki. Malam Garba ya lura, na gaya masa ba tare da na ambaci suna ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce, "Mu da ke zaune a kan kujera ne muka san minti biyu ne, domin mun ga lissafin. Wanda ke ƙarƙashin abin bai sani ba. A wurinsa kowane numfashi shi ne na ƙarshe. Kuma duba nan." Ya nuna mini guraben da ake cikewa. "Akwai na girman dutse, akwai na gudunsa. Kin ga inda aka ce a rubuta shekarun yarinya?"

Na kai wa Dada wannan maganar yadda ya faɗe ta. Ta saurara, ta ce Allah ya yi masa albarka, mutumin kirki ne. Ban ga alamar ta sauke mata komai ba. Amma bayan kwana biyu ta kira babana, wanda bai taɓa sanin yana da wata inna mai suna Dije ba, ta gaya masa da bakinta. Ta ce ya kai ta Miga.

Muka je ranar wata Asabar a motar haya. Tafkin ya ƙafe ya zama gonar gero, babu marke, babu suri, babu wanda ya tuna an taɓa yin ruga a wurin. Muka yi ta zagaye da ita a rana har ta ce a tsaya, nan ne, ko kusa da nan. Ta zauna a kan kunya. Babana ya yi addu'a muka shafa. Sannan ta ɗaga murya, muryar da take kirana da ita in na sauke goyo, ta ce, "Dije! Ga ni." Mai gonar da ke tsaye a gefe ya sunkuyar da kai. Dada ba ta ga damina biyu bayan wannan ba.

Na daɗe ina jin haushin kaina a kan abin da bakina ya jawo. Wani lokacin kuma in ce gara da aka yi, ba ta tafi da shi ita kaɗai ba. Har yau ban yanke ba.

Aikina ya ci gaba a wannan layin, sai dai ba dutsen sama nake bi ba, ruwa ne. Mukan zuba wa kwamfuta yawan ruwan sama da tudu da kwarin ƙasa, ta nuna mana ƙauyukan da ambaliya za ta ci a yankin Haɗeja, da awa nawa mutane ke da shi kafin ta iso. Abokan aikina in sun ga awa shida sai hankalinsu ya kwanta, su ce ai da lokaci. Ni nawa ba ya kwanciya. Na san lokacin da ke kan takarda ba shi ne ke cikin ƙafar mutum ba, tsoro yana iya cinye shi duka mutum na kwance yana ji.

Shi ya sa in mun je ƙauye faɗakarwa, bayan maza sun gama da mai gari, nakan shiga cikin gida wurin mata. Ba na nuna musu taswira. Nakan ce a kawo mini yaran da ba su iya gudu ba, da tsofaffin da ba sa iya tashi. In ɗaga yaro ɗaya in ce, "Wannan, in ruwa ya zo, wa zai ɗauke shi?" Sukan yi dariya su ce ai kowa ma. Sai in ce ban yarda da kowa ba, suna nake so, kuma babba nake so, kada a nuna mini yarinya. Ba na fita daga gidan sai kowane yaro ya ji sunan mai ɗaukarsa, mai ɗaukar kuma ya amsa da bakinsa.